Jinin safe da jinin la'asar

Gwaggo, don girman Allah ki taimake ni, kuma kada ki sa sunana ko na wurin aikina. Sau uku ina fara wannan wasiƙar ina gogewa. Yanzu haka na kulle kaina a ofis, na manna takarda a ƙofa cewa ina duba jarrabawa, alhali ba abin da nake dubawa.

Ni malamar jami'a ce, shekarata arba'in da huɗu, 'ya'yana huɗu. Bincikena a kan garkuwar jiki ne da yadda damuwa ke taɓa ta. A taƙaice, idan mutum ya shiga tashin hankali, ƙwaƙwalwa tana ba da umarni jiki ya saki wani sinadari da muke kira kotizol. In ya yi yawa kuma ya daɗe, yana kwantar da fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne sojojin da ke yaƙar cuta. Shekara goma sha tara ina kan wannan aiki.

Sai na yi miki bayanin yadda ake auna mu, in ba haka ba za ki ce wannan mata me ya yi zafi haka. A wurinmu ba wanda ke tambayar ko kin iya koyarwa. Abin da ake tambaya shi ne takarda nawa kika buga a mujallun masana, sannan mutum nawa suka ambaci takardar a cikin nasu rubutun. Akwai shafin da ke ƙirgawa, kuma duk lokacin da wani ya ambace ki saƙo zai shigo wayarki. Takarduna talatin da takwas ne. Talatin da bakwai in kin haɗa su gaba ɗaya ba su kai ambato ɗari uku ba. Guda ɗaya tak ita ce take da ɗari huɗu da goma sha biyu. Da ita aka san ni, da ita ake gayyata ta taro, har maigidana, wanda malamin lissafi ne a sakandare, ya daina kiran sunana, sai dai Ɗari Huɗu. In wayata ta yi ƙara muna cin abinci, yara sai su hau ihu wai an ƙara wa Mama ɗaya. Mahaifina ya sa an yi wa shafin farko firam ya rataye a falonsa. Bai san abin da ke ciki ba, amma duk baƙon da ya shigo sai an tashe shi ya je ya ga sunana.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da yin aikin. Mun ɗebi jinin mata sittin da ke zaman jinyar 'ya'yansu a asibiti wata da watanni, muka kwatanta da na wasu mata sittin da ba su da majinyaci, ma'aikatan jami'armu, masu shara da sakatarori da na ɗakin karatu. Sakamako ya fito tas kamar an zana. Masu jinya kotizol ɗinsu ya yi sama sosai, sojojin jininsu sun yi ƙasa. Muka rubuta cewa zaman jinya yana cinye garkuwar uwa, duniya ta karɓa hannu bibbiyu.

To ga inda matsalar take. Duk ɗalibin da ya yi wata uku a ajina ya san cewa kotizol da sassafe yake cika jini, ko da mutum ba shi da damuwar komai, sannan ya yi ta sauka har yamma. Sojojin jini kuma akasin haka suke, da safe suna raguwa, da yamma su ƙaru. Ni da hannuna nake zana musu wannan a allo kowace shekara. Shi ya sa doka ce a ɗebi jinin kowa a lokaci guda. A tsarinmu mun ce tsakanin ƙarfe takwas da goma na safe, kuma haka yake rubuce a shafi na uku na takardar. Ni na rubuta wannan layin.

Amma ba na nan aka ɗebi jinin. Watannin sun faɗo daidai da haihuwar ɗana na uku, wadda ta zo da gardama har aka yi min aiki, na yi wata huɗu ba na fita. Wata dattijuwar nas da muke kira Sista ita ta yi ɗibar duka. Da na dawo na tarar da kwalabe jere a firiza, kowace da lambarta, ga takardar da na tsara an cike ta tsaf, shekaru da nauyi da tsawo. Babu gurbin lokaci a takardar, don ni da na tsara ta ban sa ba. Ban kuma tambaya ba. Na ɗauka yadda aka tsara haka aka yi.

Mako uku da suka wuce, ranar Talata da tsakar rana, tsohuwar firizar ɗakin gwajinmu ta mutu. Ƙararrawarta ta cika bene, kowa ya bar abin da yake yi muka hau kwashe akwatuna cikin ƙanƙara zuwa sashen da ke maƙwabtaka da mu. Da aka janye firizar daga bango, sai ga wani baƙin littafin rajista ya faɗo, duk ƙura da yanar gizo-gizo. Abokin aikina ne ya ɗauka, wani da ɗalibai ke kira Mai Gilashi, wanda muke neman kujerar farfesa tare a bana. Ya hure ƙurar, ya buɗa shafi biyu ko uku, ya ce wannan ai na tsohon aikinki ne, ya miƙo min. Na jefa a jaka ban kawo komai a raina ba.

Sai da na dawo ofis na buɗe. Rubutun Sista ne, mai kyau kamar na injin bugawa. Baiwar Allah ta sa rula da jan biro ta ƙara gurbi da kanta a gefen kowane shafi, ta rubuta lokacin da ta ɗebi jinin kowace mace. Masu jinya, shida da rabi, bakwai saura kwata, bakwai da minti goma, don kafin likitoci su fara zagaye kawai uwa ke iya barin gadon ɗanta. Ma'aikata kuwa, huɗu da kwata, huɗu da rabi, biyar saura, don shugabanninsu sun hana su fita lokacin aiki, sai an tashi. Gwaggo, wallahi sai da na maimaita karantawa. Jinin safe muka kwatanta da jinin la'asar. Ko da matan nan ɗari da ashirin duk suna zaune lafiya a gidajensu, in aka ɗebi jininsu haka, kusan irin wannan sakamakon za a samu.

A shafin farko ta rubuta cewa a sanar da Dakta idan ta dawo. Daga nan wani abu ya dawo min wanda na fi so a ce ban tuna ba. Sista ta zo gida duba ni da jariri, ina kwance, ta yi wata magana a kan cewa ma'aikata ba sa samun izini da safe. Ni kuma ciwo ya ishe ni, yaro na kuka, na ce mata ta yi yadda ya sauwaƙa. Ke nan ta faɗa min da bakinta, ta kuma rubuta. Ba ta da laifi ko na ƙwayar zarra. Yanzu ta yi ritaya, duk shekara sai ta aiko min da gaisuwa.

Da iyakar abin ke nan, da wataƙila na lallashi kaina na yi shiru. Amma akwai Malama. Ɗalibata ce mai neman digirin dakta, ta girme ni da shekara biyu, tana koyarwa a wata kwalejin kiwon lafiya, 'ya'yanta biyar. Hutun karatu aka ba ta na shekara uku, kullum sai ta shiga mota biyu kafin ta iso. Aikin da na ba ta shi ne ta maimaita nawa a kan wasu masu jinyar, ta ɗora a kai. Ita kuma mace ce mai bin doka, jinin kowa tsakanin takwas da goma take ɗiba, ko minti biyar ba ta yarda a wuce. Shekara biyu ke nan tana yi, bambancin da take samu ɗan mitsitsi ne, wani lokacin ma babu. Sau biyu ina sa ta sake daga farko. Akwai ranar da na ce mata a gaban sauran ɗalibai wai hannunta ne ba shi da natsuwa, wai abin awo ba ludayi ba ne. Aka yi dariya, ni ma na yi. Daga baya na wuce ta a baranda tana share ido da gefen mayafinta, na yi kamar ban gani ba. Ashe ita ce take kan daidai tun ranar farko.

Hutunta saura wata biyu ya ƙare. In ba ta kammala ba za ta koma hannu rabbana, a ce ta je ta kasa. Jiya ta ƙwanƙwasa ofishina, ta tsaya daga bakin ƙofa kamar mai laifi, ta roƙi in ba ta izini ta fara karo na huɗu. Ta ce wataƙila dai ita ba a yi ta don wannan aikin ba, in yi haƙuri da ɓata min lokaci da take yi. Na kasa kallon idonta. Na ce ta ba ni kwana biyu in yi tunani, ta yi godiya har da rusunawa.

Ga kuma fom ɗin ƙarin girma a cikin aljihun teburina. Saura kwana goma sha biyu a rufe karɓa. Ana so in zaɓi takarduna biyar mafiya ƙarfi, in sa hannu cewa iyakar sanina abin da ke cikinsu gaskiya ne, sannan a aika wa masu tantancewa na waje. In na cire wannan takardar, tambayar farko da kwamiti zai yi ita ce ina ta shiga. In na bar ta na sa hannu, na san abin da na yi.

Sai Baba Farfesa, wanda ya koyar da ni, ya riƙe ni kamar 'yar cikinsa, sunansa ne na ƙarshe a takardar a matsayin jagora. Shekararsa saba'in da takwas, shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi bara, magana ma da ƙyar take fita. Duk ranar da na je gaishe shi, abin da yake fara yi shi ne ya ɗaga yatsun hannunsa mai lafiya yana tambayar nawa muka kai. In na faɗa sai rabin fuskarsa ya yi murmushi. Da wane baki zan ce masa aikin da yake alfahari da shi a ƙarshen rayuwarsa agogo ne ya yi mana shi? In wani abu ya same shi bayan na faɗa, ina zan sa kaina?

Ina gaya wa kaina cewa ba wanda aka ba magani saboda takardar nan, ba wanda ya mutu. Wasu masanan ma sun samu abu mai kama da namu, ko da yake bai kai girman namu ba. Shekara goma sha ɗaya ba wanda ya ce uffan. Amma sai in tuna wata ɗaliba daga wata ƙasa da ta aiko min imel shekarar da ta wuce, cikin ladabi, tana tambayar ko akwai wata dabara da ba mu rubuta ba, don ta kasa samun abin da muka samu. Na amsa mata da layi biyu cewa ta ƙara kula da tsaftar aiki. Allah kaɗai ya san irin su Malama nawa ne a duniya suke zargin hannunsu saboda ni.

Tsoro ya hana ni sakat. Mai Gilashi da bai cika gaishe ni ba, yanzu kullum sai ya leƙo ya ce Dakta ya ƙoƙari, yana murmushi. Ya ga jan gurbin ne ko bai gani ba? Jira yake in sa hannu sannan ya kai ƙara? Ko kuwa ni ce dai nake ganin abin da babu? In na ji takun mutum a baranda gabana ya faɗi, in shugaban sashe ya kira ni in ce shi ke nan an gano, in je in tarar jadawalin jarrabawa ne. Abinci ba ya shiga. Maigida ya dube ni shekaranjiya ya ce ko dai na biyar ne ke tafe ake ɓoye masa, na yi yaƙe na tashi. Ban gaya masa komai ba. Mutumin da ke rage wa ɗalibi maki in ya tsallake layi ɗaya a lissafi, me zai ɗauke ni?

Zan faɗa miki abin da ban taɓa zaton zan iya ba. Ranar Asabar da hantsi, yara sun tafi makarantar ƙarin darasi, na ɗauki littafin na zagaya bayan gida inda muke ƙona shara, da ashana a hannuna. Na ƙyasta ɗaya iska ta kashe. Kafin in ƙyasta ta biyu littafin ya buɗe, na ga jajayen layukan Sista a miƙe sambal, sai na durƙushe a wurin ina kuka. Yanzu yana cikin but ɗin motata, ƙarƙashin tayar safaya, a naɗe cikin leda. Duk inda na je da shi nake zuwa.

Akwai abu ɗaya kuma. Na lura mata tara daga masu jinyar da yamma aka ɗebi nasu, bakwai daga ma'aikatan kuma da safe. Da zan zauna in kwatanta na safe da na safe, na yamma da na yamma, da na san ko akwai sauran gaskiya a aikin. Aikin awa biyu ne a kwamfuta. Mako uku ke nan na kasa, don ina tsoron amsar.

Gwaggo, in tona kaina in rasa kujerar da na yi shekara goma sha tara ina wa wahala, in zubar da sunan Baba Farfesa, in sa mahaifina ya sauke firam ɗinsa? Ko in sa hannu in yi shiru, in nemo wa Malama wata hanyar da za ta fita ba tare da ta san komai ba? Ina cikin rubuta wannan layin wayata ta yi ƙara. Wani ya sake ambato na, sun zama ɗari huɗu da goma sha uku, kuma wallahi ji na yi kamar in jefa wayar ta taga.

Taki cikin tsoro,
Ɗari Huɗu

*

'Yata Dakta,

Na karanta wasiƙarki sau biyu, na biyun sai da na nemo tabarau. Ni ba likita ba ce, allura ma in na gan ta kau da kai nake, amma kin yi bayani yadda har ni na gane. Na kuma je wajen wani dattijo da ya tsufa a irin aikinku, na ba shi labarin a dunƙule ba tare da abin da zai nuna ki ba. Abin da zan faɗa miki rabi nasa ne, rabi nawa.

Da farko ki sha ruwa ki numfasa. Abin da ya faru shekara goma sha ɗaya da suka wuce kuskure ne. Mace ce kwance da ɗinki a ciki ta ce a yi yadda ya sauwaƙa, daga baya ta rubuta layin da ba ta bincika ba. Sakaci ne, kuma naki ne, kada ki raba shi da kowa, amma ba ƙirƙirar ƙarya kika yi ba. Dattijon nan ya ce mujallu suna ganin irin wannan, kuma suna bambanta wanda ya zo da ƙafarsa ya ce na gano matsala da wanda aka kamo. Sai dai wannan rangwamen yana da iyaka. Tun ranar Talatar da kika buɗe littafin nan kin sani. In kika sa hannu a fom ɗin da ya ce iyakar saninki, kin tashi daga mai kuskure kin koma mai yaudara, kuma a wannan karon babu ciwo ko kukan jariri da za ki fake da su.

Ba zan yi miki daɗin baki ba, akwai abin da za ki rasa. Mai yiwuwa kujerar ta wuce ki a bana. Mai yiwuwa a janye takardar gaba ɗaya, ko a manna mata gyara, wannan hukuncin editan mujalla ne. Za a yi gulmarki a ɗakin shan shayi na wata biyu ko uku, wasu da ke miki dariya yau za su ɗauke kai. Tsoronki ba na banza ba ne. Amma ki dubi ɗaya hanyar da idon basira. Shiru ba zai dawo miki da barcinki ba. Kin yi mako uku kacal kin koma haka, ga ashana, ga tayar safaya. Yaya za ki kasance bayan shekara goma, kina farfesa, kullum gabanki na faɗuwa in mutum ya yi miki murmushi? Ke da kanki kika koya mana abin da damuwa ke yi wa jini.

Batun Mai Gilashi ki ajiye shi. Ban san ko ya gani ba, ke ma ba ki sani ba. In kin riga shi magana, duk abin da ya gani ya zama tsohon labari.

Yau ki fito da littafin daga mota, ki ɗauki hoton kowane shafi, kada ki goge ko ki ƙara ko ɗigo. Ki zaunar da maigidanki ki gaya masa. Mai rage maki saboda tsallake layi shi ne ya fi kowa sanin darajar wanda ya dawo ya gyara lissafinsa, kuma kina bukatar mutum a bayanki cikin makonnin nan. Ki yi wannan aikin na awa biyu da kike gudu, shi ma ya zauna kusa da ke tunda lambobi ne. Amma ki sani, duk abin da ya fito ba zai sauke miki nauyin magana ba, don layin da ke shafi na uku ba gaskiya ba ne ko ta yaya lissafi ya faɗi. Bayan haka ki je wa shugaban sashenku da kanki, da littafin da bayani a rubuce, ki nemi a nuna miki ofishin da ke kula da amanar bincike. Ki sanar da sauran waɗanda sunansu ke kan takardar kafin ki rubuta wa edita. Fom kuwa, ko dai ki jinkirta shi zuwa baɗi, ko ki miƙa shi da wasiƙa a gaba da ke faɗin halin da takardar ke ciki. A duk inda za ki yi bayani, ki faɗi cewa Sista ta rubuta lokaci kuma ta sanar da ke. Jan biron matar nan shi ne abu mafi tsafta a cikin labarin, kada a wayi gari a ce laifin nas ne.

Baba Farfesa kuma, na ji tausayinki. Ki fara magana da iyalinsa, in da hali da likitansa, su zaɓa miki ranar da jikinsa ya yi sauƙi. In sun ce ba zai iya ɗauka ba, ki bi maganarsu. Amma kada ki yanke masa hukunci da kanki don kawai kina jin kunya. Ciwon ya taɓa jikinsa, ba ki ce ya taɓa hankalinsa ba, kuma mutumin da ya yi shekaru yana koya wa ɗalibai bin gaskiyar awo zai fi so ya ji daga bakin 'yarsa a kan ya ji daga bakin mai zuwa dubiya. Mahaifinki kuwa sunanki ya rataye a bango, ɗari huɗun ba su dame shi ba. Ki bar masa firam ɗinsa.

Yanzu bari in ɗan ja miki kunne, don a nan ne raina ya ɓaci. Kin tambaye ni ko za ki nemo wa Malama hanyar fita ba tare da ta sani ba. Haba Dakta! Matar nan ta yi shekara biyu tana shiga mota biyu, tana aiki daidai, kina yi mata gorin ludayi a gaban yara. Ta zo ta ba ki haƙuri, alhali amsar tana ɓoye a cikin motarki. Kujera in ta wuce bana tana iya dawowa, takarda ana sake rubuta wata, amma wata biyun da suka rage mata ba su da madadi. Dattijon da na tambaya ya ce abin da kuke kira gazawarta sakamako ne mai zaman kansa, sau uku ta nuna cewa in an daidaita lokaci bambancin ƙarami ne, kuma da wannan kaɗai ana iya rubuta kundin digiri a buga takarda, sunanta a farko. Ba ta bukatar karo na huɗu. Ki nema mata ƙarin lokaci in ya kama, ki tsaya mata a gaban kwamiti. Waccan ɗalibar ta wata ƙasa ma ki nemo imel ɗinta ki rubuta mata fiye da layi biyu.

Kin ce mata ta ba ki kwana biyu, ina fata wannan amsar ta same ki kafin ki ƙara mata wasu. Kada ki aika a kira ta ofishinki ta zo ta tsaya a bakin ƙofa. Ki ɗauki littafin ki same ta a ɗakin gwaji, a inda kika yi mata dariya, waɗanda suka taya ki dariyar suna nan. Ki buɗe mata shafin ta gani da idonta, ki nemi gafararta, ki gaya mata cewa hannunta lafiyarsa lau, tun farko ma lafiyarsa lau. Ko da zai yi miki nauyi, ki dai faɗa.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya ba Baba Farfesa lafiya, ya sa Malama ta koma wa 'ya'yanta da digirinta a hannu.

Gwaggonki